Babi na Biyar: Idan Jirgi Ya Shiga Gargada

Maniyyacin da ya taso daga Riruwai ya riga ya wuce wuri mafi hatsari a tafiyarsa tun kafin ya hango katangar sansanin alhazai a Kano. Ya shigo motar haya mai cin mutum bakwai an ɗura mata goma, ta ratsa dajin Falgore, ta wuce Tudun Wada, ta ɓullo Kwanar Dangora, ta hau titin Zariya tana tsere da tireloli, shi kuwa yana gyangyaɗi abinsa. Wannan mutumin ne kuma ba zai runtsa ba a daren da aka kira sunansa a jerin waɗanda za su tashi. Haka na Burumburum, haka na Kiru da Bebeji. Ba a cika faɗa ba, don namiji ba ya son a ce yana tsoro, mai niyyar aikin Hajji kuma yana jin kunyar a ce tawakkalinsa da sauran gyara. Sai dai ka ji ana kewaye-kewaye: "Malam, awa nawa ake yi a sama?" Ko dattijuwa ta ja jikarta gefe ta ce, "Ke 'yar nan, wai da gaske ne akwai ramuka a cikin iska?"

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana lissafa sama da mutum 5,000 da ke mutuwa a titunan Najeriya a shekara guda, waɗanda labarinsu ya kai gare ta ke nan. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce a 2023 an yi sawu kusan miliyan 37, kuma ba a rasa rai ko ɗaya a hatsarin babban jirgin fasinja mai injin jet ba. Amma duk wanda ya taɓa zama kusa da mai tsoro ya san alƙaluma ba sa kwantar da hankali. Mota mun saba da ita. Muna ganin direba, muna iya cewa ya rage gudu, in ta lalace mu sauka mu tura. A jirgi an rufe ƙofa, ba ka ganin matuƙi, kuma duk ƙarar da ka ji babu mai gaya maka ta mece ce.

Tsoron mutanenmu kuma ba daga banza ya zo ba. Dattawan ƙasar Kano suna tuna ranar 22 ga Janairu 1973, lokacin da jirgi ƙirar Boeing 707 ya ɗebo alhazai daga Jidda zai kai su Legas, yanayi ya ɓaci a can aka karkato shi Kano, ya daki titi wajen sauka ya kama da wuta. Mutum 176 suka rasu cikin 202, kuma a lokacin duniya ba ta taɓa ganin hatsarin jirgi mai yawan mamata haka ba. Ranar 11 ga Yuli 1991 wani jirgin ya tashi daga Jidda da alhazan da za su sauka Sakkwato, tayoyin da iskarsu ba ta cika ba suka fashe a kan titi suka kama wuta, aka naɗe su cikin jirgi da wutar, ya juyo bai kai ga titi ba. Mutum 261, babu wanda ya fita. Ranar 4 ga Mayu 2002 jirgin kamfanin EAS ya zarce ƙarshen titi wajen tashi daga Kano, ya faɗa kan gidajen Gwammaja. Ranar 29 ga Oktoba 2006 jirgin kamfanin ADC ya tashi daga Abuja cikin hadari, iska ta juya masa yana dab da ƙasa, Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido na cikin mutum 96 da suka rasu. Wanda ya yi zaman makokin ɗaya daga cikin waɗannan ba za ka ce masa tsoronsa shirme ba ne.

Sai dai a duba su da kyau. Duka huɗun a bakin tashi ko a bakin sauka matsalar ta fara, kusa da ƙasa, inda jirgi ba shi da gudu sosai kuma ba shi da sararin gyara kuskure. Babu ɗaya da girgizar tsakiyar tafiya ta kayar. Ita kuwa wannan girgizar ce ke sa jirgin alhazai ya kaure da salati da salallami, tsofaffi su fara yafiya da juna. Abin da ya fi tayar mana da hankali ba shi ne mai kashewa ba.

To mece ce girgizar? Wanda ya taɓa shiga kwale-kwale a madatsar ruwa ta Tiga ya san ruwa yana ɗauke da shi ko da yana kwance ko yana tashi. Igiyar ruwa ta ɗaga kwale-kwalen, ta sauke shi, ba ta bar shi a kan babu ba. Iska ma abu ce mai nauyi da kauri, ganinta ne kawai ba ma yi, kuma jirgin da ke gudun kilomita 850 a awa yana kwance a kanta daram. Babu rami a cikinta. Akwai dai inda take hawa da inda take gangarawa, jirgin kuma yana bin ta.

Mafi yawan abin da ke motsa ta mun san shi a gida. Da tsakar rana a bazara ƙasa ta yi zafi, iskar da ke kanta ta ɗumama ta yi sama. Ita ce ke murɗa guguwa a fako, kuma a kanta shirwa ke shawagi tsawon lokaci ba tare da ta kaɗa fiffike ba. Jirgin da ya tashi daga filin Malam Aminu Kano da azahar sai ya ratsa wannan kafin ya kai sama, shi ya sa mintunan farko suke da gargada, jirgin asuba ko na dare kuwa ya wuce sumul. Akwai kuma wadda duwatsu ke haddasawa: iska ta bugi tsauni irin na Riruwai, ta haura, ta gangara bayansa tana tashi tana sauka har nesa. Duwatsun Hijaz da ke bayan gaɓar Bahar Maliya sun fi namu tsawo nesa ba kusa ba, saboda haka kada a yi mamakin 'yar jijjiga yayin da jirgi ya fara gangarowa Madina.

Ta uku ita ce hadarin damina, kuma ita matuƙa suke girmamawa da gaske. Baƙin girgijen da manomin Doguwa ke gani ya haɗo daga gabas da la'asar, kansa yana iya kai kilomita 15 ko fiye, ya zarce inda jirage ke bi, wato wajen kilomita 10 zuwa 12. A cikinsa iska na hawa da sauka da ƙarfin gaske, ga ƙanƙara, ga walƙiya. Ba a ratsa shi. A hancin kowane babban jirgi akwai na'urar rada da ke hango ɗigon ruwan da ke cikin girgije tun daga nesa, ta nuna wa matuƙi kore, rawaya ko ja, shi kuma ya nemi izini ya kewaye. In ka ji jirgi yana karkata dama da hagu da dare, kana hango walƙiya can gefe ta taga, aikin da ake yi ke nan.

Ta huɗu ce mai shammata. A can sama akwai jijiyoyin iska masu tsananin gudu, kuma a inda mai gudu ta goga da mai tafiya a hankali iska takan hargitse, alhali sama garau take, babu ko ɗigon gajimare. Rada ba ta ganin wannan, don babu ruwan da za ta gani. Matuƙa suna dogara da hasashen masana yanayi da kuma rahoton jirgin da ke gabansu. Masu bincike a Jami'ar Reading ta Ingila sun wallafa a 2023 cewa irin wannan girgiza mai tsanani ta ƙaru da kashi 55 cikin ɗari a saman arewacin Tekun Atlantika tsakanin 1979 da 2020, kuma sun danganta hakan da ɗumamar yanayi. Hanyar Amurka ke nan, ba ta Makka ba, amma darasin ɗaya ne: akwai girgizar da ba ta sallama.

Shin tana iya karya jirgi? A zamanin da, ta taɓa yi. Ranar 5 ga Maris 1966 wani Boeing 707 na kamfanin BOAC ya matsa kusa da dutsen Fuji a Japan cikin iska mai ƙarfi, ya wargaje a sama da mutum 124. An koyi abubuwa da yawa tun daga nan. Yanzu ba a ba sabon samfurin jirgi izinin ɗaukar mutane sai an tabbatar fukafukansa za su jure ninki ɗaya da rabi na nauyi mafi tsanani da ake tsammanin zai gamu da shi a duk rayuwarsa. A gwajin Boeing 787 a 2010 an tanƙwara fukafukan sama har kusan mita 7 da rabi ba su karye ba. Don haka wanda ya zauna bakin taga ya ga fiffike yana lanƙwasa, kada ya ɗora hannu a ka. An ƙera shi ne don ya yi hakan, da ya sandare da ya fi saurin tsagewa. Matuƙi kuma in ya shiga gargada yakan rage gudu zuwa wanda aka ƙayyade wa irin wannan yanayi, ya nemi hawa ko sauka zuwa inda iska ta fi kwanciya. Ƙarar inji ta ragu, fasinja ya ce inji ya mutu. Bai mutu ba. Ko da ma duka injinan za su tsaya, abin da da wuya ya faru, babban jirgi daga kilomita 10 yana iya lulawa a kan fukafukansa wajen kilomita 150, kusan nisan Kano zuwa Zariya.

Inda girgiza ke ɓarna shi ne cikin ɗakin fasinja. Ranar 21 ga Mayu 2024 jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan ya gamu da ita a saman ƙasar Myanmar ana cikin rabon karin kumallo. Masu bincike sun ce ya yi ƙasa da kusan mita 54 cikin ƙasa da daƙiƙa 5. Waɗanda ba su ɗaure ba suka tashi suka daki rufi, sannan suka faɗo. Mutane da dama sun ji rauni a ka da ƙashin baya, wani dattijo ɗan Birtaniya mai shekara 73 ya rasu, ana kyautata zaton zuciyarsa ce ta buga. Jirgin kansa ya sauka Bangkok lafiya lau. Wannan na cikin mafi muni da aka gani a shekarun nan, kuma abin da ya raba wanda ya karye da wanda ya tsira da firgita kawai ɗan bel ne mai faɗin yatsu uku. A Amurka hukumar binciken haɗurran sufuri ta gano cewa mafi yawan masu jin mummunan rauni a girgiza ma'aikatan jirgi ne, saboda su ne ke tsaye.

A nan nake ganin bitar alhazai tamu ta bar gurbi. Ana tara maniyyata a cibiyoyin ƙananan hukumomi mako bayan mako, a koya musu ɗaura harami, a kafa siffar Ka'aba a fili su zagaya, a bi da su safa da marwa da jifa dalla-dalla, kuma hakan daidai ne. Amma awa huɗu da rabi zuwa biyar da za su yi a sama, tafiyar kusan kilomita 3,400, da wuya ta samu rabin zama ɗaya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta ma, jirage suka koma kewaye, zaman ya ƙara tsawo. Manomin da ya tara kuɗin shinkafa da masara na shekaru ya biya kujera, ya shiga jirgi bai taɓa riƙe bel ɗin jirgi a hannunsa ba. Ba a buɗe shi kamar na mota, marfin ƙarfen ake ɗagawa. Sau da yawa tsohuwa takan ƙi ɗaurewa don tsoron kada ta kasa kwancewa, ko ta ƙulle shi kamar ɗamara. Da za a kawo guda biyu wurin bita kowa ya ɗaura ya kwance sau uku, da an kashe wannan matsala a yini ɗaya.

Sannan akwai abubuwan da suka shafi mu musamman. Lokacin salla ya yi, alhaji ya miƙe zai tayar da kabbara a tsakanin kujeru, fitilar bel kuwa a kunne. Wani ya shiga banɗaki alwala ya malale ƙasa da ruwa, na bayansa ya zo ya zame. Malamai sun daɗe da yin bayanin sauƙin da aka yi wa matafiyi, na ƙasaru da haɗa salloli da abin da mutum zai yi in tsayuwa ta gagara, kuma ya kamata maniyyaci ya ji wannan daga bakin malamin bitarsa tun yana gida, ba a sama ba, inda zai tsaya gardama da ma'aikaciyar da ba ta jin Hausa. Wanda jirginsa zai sauka Jidda kai tsaye, ya ɗaura haraminsa tun a ƙasa, ya bar niyya sai an sanar da miƙati. Canza tufafi a ɗan banɗakin jirgi yana rawa ba aikin dattijo ba ne.

Yanzu ga shi kansa tsoron, yadda yake a jiki. A cikin kunne akwai wata 'yar ma'auni da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko mutum yana hawa ko yana faɗuwa. Ba ta auna nisa, canji kawai take ji. In jirgi ya nutsa mita biyu ko uku farat ɗaya, kunne ya kai rahoton faɗuwa, ido kuma ba ya ganin komai sai bayan kujera, sai zuciya ta cike sauran da mafi munin zato. Haka ma jim kaɗan bayan tashi, idan matuƙi ya rage wutar inji ya ɗan sauke hancin jirgi, kowa yakan ji kamar ana komawa ƙasa alhali hawa ake yi. Daga nan jiki ya saki sinadarin firgita: zuciya ta yi ta dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe, numfashi ya gajarta. Saurin numfashin nan shi ke kawo jiri da jin yatsu da leɓe suna tsira-tsira, mutum ya ɗauka mutuwa ce ta zo, tsoron ya ninku. Abin yana da wahala amma yana wucewa, yawanci cikin mintuna.

Maganinsa na farko a numfashi yake. A ja iska ta hanci a hankali har ciki ya taso, a sake ta a hankali fiye da yadda aka ja. Mai carbi ya riga ya samu abin aunawa a hannunsa: ya ja numfashi a ƙwaya biyu, ya sake a ƙwaya huɗu, yana zikirinsa. Ba sabon abu aka ɗora masa ba, abin da ya saba yi bayan sallar asuba ne, rage masa sauri kawai zai yi. A jingina baya, a dasa ƙafafu a ƙasa, a saki kafaɗa, domin wanda ya ƙanƙame hannun kujera ya sandare ya fi jin kowace jijjiga. A dubi ruwan da ke cikin kofi: sau da yawa girgizar da ake jin kamar za ta kifar da duniya ko zubar da shi ba ta yi. A dubi fuskokin ma'aikata. In ma an ce su zauna su ɗaure, ba alamar ƙarshe ba ce, ƙa'idar aikinsu ce. Mai iya zaɓen wuri ya nemi saitin fukafukai, nan ya fi kwanciya, can wutsiya ya fi rawa.

Na biyu shi ne maƙwabci. Jami'an da ke raba kujeru za su yi babban aiki in suka haɗa wanda bai taɓa hawa ba da wanda ya saba. Kalma kaɗan ta isa. "Baba, wannan ƙarar tayoyi ne ake naɗewa." "Inna, kukan nan na fiffike ne, ana shirin sauka." "Hajiya, haɗiye yawu ko ki yi hamma, kunnen zai buɗe." Mai tsoro ba lacca yake so ba, so yake wani ya riga shi sanin abin da ke zuwa. Kuma don Allah a daina yi wa tsoho dariya, a daina ce masa ina imaninsa. Kakanninsa da suka bi ta Maiduguri da Abeche da El-Fasher a ƙafa da kan jakuna, suka shekara biyu ko biyar kafin su ga Sawakin, su ma sun ji tsoron jirgin ruwan da ya tsallaka da su Bahar Maliya, kuma babu wanda ya ce imaninsu ya ragu.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Kada a shiga jirgi da yunwa ko a ƙi shan ruwa don gudun banɗaki, iskar cikin jirgi busasshiya ce. A rage goro da shayi mai kauri a ranar, suna ƙara bugun zuciya. Mai hawan jini ko ciwon suga ya riƙe maganinsa a jakar hannu, kada ya bi babbar jaka. Kada a karɓi ƙwayar barci daga hannun abokin tafiya. Wanda tsoronsa ya kai ya hana shi ci da barci ya faɗa wa likita tun lokacin gwajin lafiya. In an kawo shayi mai zafi jirgi na rawa, a ce a bari tukuna.

Akwai wani abu da kalanda ke yi wanda ba a cika lura da shi ba. Aikin Hajji yana matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A 1973 alhazai sun dawo cikin Janairu, tsakiyar hunturu. A 2023 an yi Arfa ranar 27 ga Yuni, a 2024 ranar 15 ga Yuni, a 2025 ranar 5 ga Yuni, wato an yi jigilar tafiya a bakin damina, ta dawowa kuma cikin ruwa tsundum. Shekaru masu zuwa tafiyar za ta koma tsakiyar bazara, lokacin gargadar zafin rana, daga baya ta shiga hazo, wanda ba ya girgiza jirgi sosai amma yana rufe wa matuƙi titi. Kowane zamani da irin jinkirinsa. Saboda haka 'yan uwan da suka yi shatar bas daga Tudun Wada ko Kiru suka zo tarar alhaji, in aka ce musu jirgi yana ta zagaye a sama, ko an wuce da shi Abuja sai hadari ya lafa, kada mata su fara kuka a bakin ƙofar filin jirgi. Matuƙin ya duba ne ya ga bai gamsu ba, kuma doka ta tilasta masa ɗaukar man da zai kai shi wani filin tun kafin ya baro Jidda. Su nemi inuwa, su sallami direba kuɗin jira.